Hukuncin Shiga Binciken Lafiya da Gwajin Magani, da Sharuɗɗan Yardar Wanda Za a Yi Binciken a Kansa

Tambaya:

Malam, mu mutanen wani ƙauye ne a gefen dam ɗin Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji. Kwanakin baya wasu baƙi suka zo da mota, mai unguwa yana gabansu, suka ce daga jami'a suke, suna binciken cutar tsargiya. Suna so su karɓi fitsarin yaran firamare da na almajiran tsangaya, su ɗebi jinin wasu, sannan su shiga gidaje su yi wa mata tambayoyi. Sun kawo takarda da Turanci suka ce kowa ya dangwala yatsa, wanda ya dangwala za a ba shi sabulu da gidan sauro. Gari ya rabu biyu. Wasu sun ce haramun ne, a tuna abin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau. Wasu sun ce tun da dagaci ya yarda magana ta ƙare, wanda ya ƙi ya saɓa wa shugaba. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Amsa a taƙaice: binciken cuta da neman maganinta halal ne, farilla ce ma ta kifaya a kan al'umma. Amma bai halatta a taɓa jikin mutum, ko a ɗebi jininsa, ko a tona sirrin gidansa da sunan bincike ba, sai da yardarsa shi kansa, bayan an yi masa bayani na gaskiya da harshen da yake ji, ba tilas ba yaudara. Izinin dagaci da na liman da na maigida yana buɗe wa baƙo ƙofa ne kawai, ba ya tsayawa a madadin yardar mai jiki. Wanda ya yarda bai yi laifi ba, wanda ya ƙi bai saɓa wa kowa ba. Ga bayanin dalla-dalla.

Asalin hukuncin bincike

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, ki sani, ya ke 'yar'uwa, Allah Ya yi mana rahama baki ɗaya, cewa Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin da ke nuna babu wata cuta da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani. A ruwayar Imam Ahmad daga Ibn Mas'ud (RA) an ƙara da cewa akwai wanda ya san maganin, akwai wanda ya jahilce shi. Daga nan malamai suka fahimci cewa magani abin nema ne, wanda bai sani ba yau yana iya sani gobe idan ya bincika. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya.

Gwada magani don a gane amfaninsa ba baƙon abu ba ne wurin Musulmi. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya rubuta yadda ya raba marasa lafiya gida biyu, ya yi wa wasu tsagar fitar da jini ya bar wasu, domin ya ga bambanci da idonsa. Ibn Sina ya kafa sharuɗɗa 7 na gwada magani a littafinsa Al-Ƙanun. A ƙasarmu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magani, har da littafi a kan ciwon basir.

A zamaninmu ma mun ga amfanin. A shekarar 2010, da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, awon jini ne ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, wadda aka fara yi a Najeriya a 2011, sai da aka gwada ta a jikin mutane a Mali da Gambiya da Senegal da wasu ƙasashe, da yardarsu. Bayan zuwanta, nau'in sanƙarau da ya fi yi mana ɓarna a da ya kusa ɓacewa. Saboda haka wanda ya ce duk bincike haramun ne ya faɗi magana ba da ilimi ba.

Bambanta abubuwa uku

Yawancin rikicin da ake yi a garuruwanmu yana zuwa ne daga cakuɗa abubuwa uku. Na farko magani ko rigakafin da an riga an gama gwada shi, hukuma ta amince da shi, kamar ɗigon shan'inna da allurar ƙyanda da ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara da damina. Wannan jinya ce ko kariya. Na biyu binciken tambayoyi da awo, kamar karɓar fitsari don a san yara nawa ke da tsargiya. Haɗarinsa ga jiki kaɗan ne, abin tsoro a cikinsa shi ne tonon sirri. Na uku gwajin sabon magani wanda ba a riga an tabbatar da amfaninsa ko illarsa ba. Wannan shi ne mafi nauyi, sharuɗɗansa su ne mafi tsanani. Abin da aka kawo ƙauyenku, bisa yadda ka siffanta, na biyu ne. Abin da ya faru a Kano na uku ne.

Abin da ya faru a Kano a 1996

A farkon 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewa. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya cika ya batse, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna jinyar mutane a can kyauta. Ana cikin haka ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka iso da wani sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗauki yara wajen 200, suka ba kusan rabinsu Trovan, sauran kuma suka yi musu allurar seftiriyazon, wadda sananniya ce, amma suka rage yawanta ƙasa da yadda aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 daga masu Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka rayu da kurumta ko makanta ko shanyewar gaɓoɓi. Bayan kimanin mako biyu ma'aikatan suka tattara suka tafi.

A watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta fito da labarin. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, ba a kuma faɗa musu cewa a cikin asibitin nan akwai masu ba da sanannen magani ba. Babu takardar yarda da aka sa wa hannu. Sannan ta bayyana cewa takardar amincewar da aka nuna da sunan kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano daga baya aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya, alhali a lokacin gwajin asibitin ba shi da wannan kwamiti. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdussalami Nasidi a 2001. Shi kuwa kamfanin, adalci ne a faɗi maganarsa: ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma yarda da baki, ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran ba maganin ba.

An yi shari'a a Amurka da Kano da Abuja. A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ne. A wannan shekarar aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a watan Agusta na 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai 4 na farko suka karɓi diyya, bayan an yi musu awon ƙwayar halitta. Shi kuma Trovan, a 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka, aka dakatar da shi a Turai saboda illar da yake yi wa hanta.

Mu a nan ba alƙalai ba ne a kan wane ne ya kashe wane. Abin da ya shafe mu shi ne mahaifi yana tsaye da ɗansa a hannu, wuyan yaro ya sanƙare, bai san akwai layi biyu ba, bai san yana da zaɓi ba. Ko da a ce maganin ya warkar da kowa, haƙƙin wannan mahaifi na a faɗa masa gaskiya yana nan.

Ka dubi kuma abin da ya biyo baya. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan'inna saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa, labarin Trovan kuma yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Ba a ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi awo an kuma kawo maganin daga Indonesiya. A wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 waɗanda da sun rabu da ita, yara da yawa suka gurgunce. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan'inna ta asali. Cin amana guda ɗaya ya haifi rashin yarda, rashin yarda ya haifi cutar da ta faɗa kan yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma shari'a ta umarce mu da mu tsaya mu duba, maciji ne ko tsumma.

Dalilan wajabcin yarda

Allah Maɗaukaki Ya ba da labari a Suratul Isra'i, aya ta 70, cewa Ya girmama 'ya'yan Adam. A huɗubar ban kwana Manzon Allah (SAW) ya haramta jini da dukiya da mutunci. Imam Malik a Muwaɗɗa da Ibn Majah sun ruwaito hanin cuta da cutarwa. Muslim ya ruwaito ƙissar mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, inda Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus. Idan ɓoye aibin buhun hatsi ya kai haka, ina ga ɓoye aibin abin da za a zuba a jijiyar yaro?

Dalili mafi kusa da mas'alarmu shi ne hadisin Nana A'isha (RA) a Bukhari da Muslim. A rashin lafiyar da Annabi (SAW) ya yi wafati a cikinta, iyalinsa suka ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni da kada su yi. Suka ɗauka ƙin magani ne irin na marar lafiya. Da ya farfaɗo sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin, ban da Abbas domin bai halarta ba. Waɗannan masoyansa ne, alheri suke nufi, maganin kuma sananne ne, duk da haka bai bar abin ya wuce ba. To ina ga baƙo, da maganin da shi kansa bai san ƙarshensa ba?

A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil a Mukhtasar ya ambaci cewa likita yana lamunin ɓarnar da ya yi idan ya jahilci aikin, ko ya yi sakaci, ko ya yi aiki ba da izini abin la'akari ba. Ka lura, izinin ma sai ya zama abin la'akari. Imam Ƙarafi a Al-Furuƙ ya bayyana cewa a jikin mutum akwai haƙƙin Allah, don haka ko mutum ya yarda a halaka shi ko a lalata masa gaɓa, yardarsa ba ta aiki. Ke nan sharaɗi biyu ne tare: yardar mai jiki, da kuma rinjayen zaton kuɓuta daga cuta.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 7 a Jidda a 1992, ta yanke cewa binciken likitanci yana buƙatar yardar mutum mai cikakken hankali da balaga, yardar da babu gurɓin tilas a cikinta kamar halin fursunoni, babu kuma kwaɗaitarwa da abin duniya kamar halin miskinai, kuma kada binciken ya haifar da cuta. A zamanta na 17 a Amman a 2006 ta sake duba mas'alar, ta gina ta a kan girmama ɗan Adam, da tabbatar da maslaha, da adalci, da kyautatawa.

Sauran al'ummu ma sun iso nan, bayan sun sha wuya. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan ta'asar da likitocin Jamus suka yi wa fursunoni a yaƙin duniya na biyu. Sanarwar Helsinki ta ƙungiyar likitocin duniya ta fito a 1964. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani, ana kallon yadda cutar ke cin su, alhali an samu fenisilin tun shekarun 1940. A Najeriya akwai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta shar'anta yardar mutum a rubuce bayan an yi masa bayani. Don haka idan ka nemi bayani, haƙƙinka ka nema a shari'a da kuma dokar ƙasa.

Yarda a al'adarmu

A nan ne ake zamewa. Takardar yarda an tsara ta ne a ƙasashen da mutum ke karantawa da kansa, ya ce a'a ba tare da jin nauyi ba. Mu kuwa mutanen alkunya ne. Bahaushe yana cewa "to" yana nufin na ji, ba na yarda ba. Talaka ba ya musu da baƙon da mai unguwa ya rako. Mace tana sunkuyar da kai a gaban surukinta. Mai binciken da ya tattara irin wannan "to" ya tafi da ita, takarda ya samu, bai samu izini abin la'akari ba.

Dagaci da mai unguwa da hakimi. Shiga gari ta hannunsu wajibi ne na ladabi da tsaro, baƙon da ya tsallake su abin tuhuma ne. Amma shugaba yana da iko a kan maslahar jama'a ne, ba shi da mallakar jinin kowa. Wanda ya ce wa baƙo a'a bai fita daga ɗa'a ba. Ya kamata ma dagaci ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa wanda ya ƙi babu abin da zai same shi, sannan ya ja gefe lokacin da ake tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya.

Miji da mata. Ba a shiga gidan mutum sai da izininsa, wannan haƙƙinsa ne. Bayan an shiga, matar baliga mai hankali ita ke da jikinta da sirrinta. Miji ba zai yarda a ɗebi jininta tana ƙi ba. Mace ce za ta yi mata tambaya, a keɓe, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba, musamman a abin da ya shafi haila da ciki da haihuwa. Kada wani ya kawo hujja da cewa shirun budurwa izini ne. Wannan hukunci ne da nassi ya keɓe ga aure, asali kuwa ba a jingina wa mai shiru magana.

Yara. Waliyyin yaro mahaifinsa ne ko wasiyyinsa, tasarrufinsa kuma a ɗaure yake da maslahar yaron. Hukuncin Jidda da muka ambata ya tsananta har ya hana binciken likitanci a kan marasa cikakken hankali da balaga ko da waliyyi ya yarda. Abin da ya bayyana gare ni, Allah ne Mafi sani, shi ne awon da babu cuta a cikinsa, kamar karɓar fitsari ko ɗigon jini daga yatsa, ya halatta da izinin waliyyi idan yaron zai amfana da sakamakon. Gwajin sabon magani kuwa ba a kusantarsa sai cutar ta yara ce, an riga an gwada shi a manya, ana fatan amfaninsa ga wannan yaron kansa, ba a kuma hana shi sanannen magani ba. Yaron da ya yi wayo a tambaye shi shi ma, in ya ƙi a bar shi.

Almajirai da 'yan makaranta. Malamin tsangaya an ba shi amanar karatu da tarbiyya, hedimasta ma haka. Ba su zama waliyyai a kan jinin yaro ba. Idan almajiri ya faɗi rashin lafiya, malam zai kai shi asibiti ba jira, domin wannan ceton rai ne. Bincike kuwa babu gaggawa a cikinsa, sai a aika wa mahaifi ko a kira shi a waya. Ya ku alarammomi, yaran da iyayensu ke nesa su ne mafi sauƙin samu ga mai neman adadi, don haka su ne mafi buƙatar ku tsaya musu.

Harshe. A Tudun Wada da Doguwa, musamman rugagen da ke kewayen dajin Falgore, akwai waɗanda Fulatanci ne harshensu, akwai kuma maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba. Haƙƙin ɗaya ne ga kowa, domin girmamawar da ayar ta ambata ta 'ya'yan Adam ce baki ɗaya. A yi wa kowa bayani da harshen da yake ji. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa, ko a rubuta masa da ajami, a gaban shaidan da shi ya zaɓa, ba ɗaya daga cikin masu binciken ba. Dangwala yatsa a kan abin da ba ka san ma'anarsa ba kamar sayen kifi a ruwa ne, shari'a ba ta ƙulla komai a kansa.

Kyauta da kuɗi. Ba da kuɗin mota, ko ladan yinin da mutum ya bar gonarsa, ko ɗan sabulu, babu laifi. Abin hani shi ne kuɗin da zai rufe wa matalauci ido har ya karɓi haɗarin da ba zai karɓa ba in da yana da abin kai wa baka. Haramun ne kuma a ɗaure haƙƙin mutum da shiga bincike, kamar a ce wanda bai dangwala ba ba za a duba shi a asibitin sha-ka-tafi ba, ko a hana shi gidan sauron da gwamnati ta aiko don kowa.

Sirri da makomar jini. Abin da mutum ya faɗa amana ne, sakamakon awonsa ma amana ne. Ba a karanta sunayen masu cuta a gaban aji, ba a ɗaukar hoton mace ko yaro a watsa a intanet. Ka kuma tambayi inda jinin zai tafi. Wata ƙabila a Amurka, Havasupai, ta ba da jini don binciken ciwon suga, daga baya ta gano an yi amfani da shi a binciken taɓin hankali da na asalin ƙabilar. Sai a 2010 jami'ar ta biya su diyya ta mayar musu da jininsu. Izinin da ka bayar don tsargiya na tsargiya ne kaɗai.

Abin da za ka tambaya kafin ka yarda

1. Su wane ne ku, wace jami'a ko hukuma ta aiko ku, wa ke biyan kuɗin aikin?
2. Ina takardar amincewar kwamitin ɗa'a? Ma'aikatar lafiya ta jihar Kano tana da irin wannan kwamiti, Asibitin Malam Aminu Kano ma yanzu yana da shi. Ku sa wani mai karatu a cikinku ya duba, ku kuma tuntuɓi sashen lafiya na ƙaramar hukuma.
3. Awo ne kawai, ko za a ba da magani? In magani ne, sananne ne ko gwada shi ake yi?
4. Wace illa ake tsoro, wa zai ɗauki nauyin jinya idan ta auku, a ina za mu same ku bayan kun tafi?
5. Wanda aka samu da cutar za a ba shi magani? Maganin tsargiya sananne ne, ƙwayoyi ne masu sauƙin samu. Bai dace a ƙirga yara masu fitsarin jini a tafi a bar su ba.
6. Ina za a kai jini da fitsarin, yaushe za a zubar da ragowar?
7. Idan na fasa a tsakiya, akwai abin da zan rasa?

Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, zai ma bar maka kwafin takardar ka kwana da ita ka yi shawara. Wanda ya ce sauri yake yi, ko ya ce ai an gama magana da manya, wannan alama ce da ta isa ka dakata.

Nasiha ga ɓangarori

Ga limamai 'yan'uwana: kada ɗayanmu ya ba da lasifikar masallaci ga sanarwar da bai bincika ba, domin mutane saboda mu suke miƙa hannu. Kada kuma ya hau mumbari ya haramta abin da bai sani ba. Umarnin bin diddigin labari da ke Suratul Hujurat, aya ta 6, ya hau kan maganar baƙo, ya kuma hau kan jita-jitar da ke yawo a WhatsApp. Wanda ya yaɗa ƙarya har aka ƙi rigakafi yaro ya nakasa, yana da kamasho a cikin alhakin.

Ga 'ya'yanmu ɗalibai da ma'aikatan lafiya masu zuwa Kiru da Bebeji da Riruwai da takardun tambayoyi: ku ne kuka san ma'anar "to" ɗin mutanenku, don haka hujja ta fi tsayuwa a kanku fiye da Bature. Cike takarda da sunan wanda ba a tambaya ba shaidar zur ce. Fassara "gwaji" da "taimako" algus ne.

Ga wanda ya yarda ya shiga: ka faɗi gaskiya a amsoshinka, kada ka kawo fitsarin wani yaro a madadin wani don sabulu, domin da wannan sakamakon za a yanke shawarar maganin da za a aiko wa yankinku. In ka kyautata niyya, ana fatan ka samu ladan taimakekeniya a kan alheri.

Hukuncin mas'alarku

Ku koma wurin mai unguwa cikin ladabi ku nemi a dawo da baƙin, a zauna a yi bayani da Hausa, a nuna takardar amincewa, a amsa tambayoyin nan. Idan sun amsa, ya halatta mahaifi ya ba da izinin awon ɗansa, ya halatta mace ta amsa tambayoyin 'yar'uwarta mace bayan izinin shiga daga mijinta, almajirai kuma a jira iyayensu. Tsargiya cuta ce ta gaske a garuruwan da ke bakin ruwa, tana cin mafitsara a hankali, sanin yawanta alheri ne gare ku. Idan sun ƙi bayani, ku ƙi dangwalawa, ku sanar da hakimi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ba tare da zagi ko duka ko taɓa motarsu ba, domin baƙo yana da alfarmarsa. Kada wanda ya yarda ya aibata wanda ya ƙi, kada wanda ya ƙi ya kafirta ko ya fasiƙantar da wanda ya yarda.

Allah Ya ji ƙan yaran da suka rasu a annobar 1996, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu daga cuta da cutarwa.

Allah ne Mafi sani.